Ranar da Kawu Ya Hana Ni Sa wa Magana Sukari

Da hantsin Talata muka kai Kawu makwancinsa. Muka dawo unguwarmu Gardole cikin zafin nan da ke sa mutum ya manta sunansa, muka tarar an riga an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Allah ya yi masa rahama.

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta daure tun asuba. Sai da ta ga an ɗauke kujerarsa daga ƙofar gida don a samu wurin zaman baƙi, sannan ta fashe da kuka, tana cewa, "Ku bar wa Yaya kujerarsa mana!" Iya, matarsa, tana daga ciki da carbi a hannu, kowa ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Haƙuri ya zama dole," ba ta ɗaga kai. Wata 'yar Damagaram mai sayar da turaren wuta ta shigo tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce shekarar da ta zo garin nan ba ta jin Larabci ba ta jin Faransanci, Kawu ne ya raka ta asibiti sau shida yana juya mata maganar likita, ko ruwan sanyi bai yarda ta saya masa ba.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar wani magidanci daga cikin sababbin shiga taron zumuncinmu. Ya kama hannuna da kyakkyawar niyya ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Mutum ne shiru-shiru, ko muryarsa ban taɓa ji sosai ba."

Shiru-shiru! Kawu? Wallahi saura kaɗan in yi dariya a gidan makoki. Amma bawan Allah nan bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Shekarun Kawu na ƙarshe a kusurwa ya yi su, yana kurɓar shayi. Na san ranar da shirun ya fara, domin da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake na gaji, kuma ba na jin daɗin tuna shi.

A Gardole aka haifi Kawu. Kakanninmu masu niyyar Makka ne a ƙasa, suka yada zango a bakin kogi, zangon bai tashi ba har yau. Hausa a gida, Larabci a titi, Faransanci kuwa da kunne ya tsince shi a kantin wani Bature inda ya yi aiki yana saurayi. Yana jinsa, yana zuba shi kamar a can aka yanke masa cibiya, amma ka ba shi takardar boko sai ya riƙe ta a juye. Allo da ajami kaɗai ya sani. Ni da na yi makaranta har na zama malami a unguwar Mursal, bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan boko.

Tafinta ne, kuma yana da nasa salon aiki. Ina yaro na ga wani Bamaraɗe sabon zuwa ya kaure da maƙwabcinsa Balarabe a kan ruwan wanki da ke gangarowa ƙofar gida. Babu mai jin harshen wani, aka kira Kawu. Bamaraɗen ya ce, "Gaya wa wannan ƙazamin ya kwashe ruwansa ko in kwashe masa haƙora." Kawu ya gyara murya, ya ce wa Balaraben da Larabci, baƙon nan yana jin nauyinka ƙwarai, yana roƙon a duba masa hanyar ruwa saboda yara. Balaraben ya mayar da zagin da ba zan iya rubutawa ba. Kawu ya sake gyara murya ya ce, "Ya ce kai ɗan'uwa ne, gobe da safe zai haƙa rami." Aka rabu kowa yana ganin ɗayan ne ya ba da haƙuri. Washegari Kawu ya ɗauki fartanya ya haƙa ramin da kansa, don kada asirinsa ya tonu.

Na ce masa, "Kawu, ai ba haka suka faɗa ba."

Ya ce, "Sukari na sa. Ka taɓa ganin an sha shayi babu sukari a garin nan? Kalas." Kalas ɗin nan, wato magana ta ƙare, da ita yake rufe kowace gardama, ko shi ne da gaskiya ko ba shi ba.

Wannan bakin ne ya kai shi gidan Depite, wani ɗan majalisa na zamanin da aka samu 'yancin kai. Mu Depite muke cewa, shi Maigida yake cewa. Depite mutum ne mai ilimi da kaifin harshe, da Faransanci yake jawabi, Kawu yana gefensa yana juya wa jama'a zuwa Larabci da Hausa. Shekara goma sha wani abu suna tare, ƙauye ƙauye, mota ta kafe su tura tare. Idan Depite ya ce wa mutane ku malalata ne, Kawu ya ce musu Maigida ya san kun gaji, amma a ƙara ƙoƙari. A yi ta tafi.

Sai wata safiya aka zo aka tafi da Depite, kuma bai sake fitowa ba. Aka kama direbansa, aka kama sakatarensa, aka kama har mai dafa masa abinci. Kawu ma an kama shi, amma kwana uku aka sako shi. Shi dai abin da yake faɗa kullum, wanda ya yi masa tambayoyi ya miƙa masa takarda ya karanta, ya ga ya riƙe ta a juye, ya ce a kori jahilin nan. Mutanen unguwa ba su sayi wannan ba. Aka fara raɗa cewa tafinta ne ya sayar da maigidansa, in ba haka ba me ya sa shi kaɗai ya dawo? Babu wanda ya taɓa faɗa masa a fuska, sai mutum ɗaya: Baba mai goro, sa'ansa, wanda ke da rumfa a unguwar Pari-Kongo kuma ƙanensa ne direban da bai dawo ba. Shi ma ba kai tsaye ba. In Kawu ya shigo taro sai ya ce, "A'a, ga mai kwana uku nan. Wasu dai da sa'a aka haife su." Kawu ya yi murmushi ya zauna, amma ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Shekara da shekaru haka.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Ranar da aka sako shi, kafin a dawo binciken gidan Depite, Kawu ya shiga ya kwaso kaye bakwai, irin littattafan rubutun 'yan makaranta, waɗanda Depite ke rubuta abin da ya wakana kowace rana a ciki. Ya naɗe su a buhu ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe. A zamanin da takarda ɗaya ke iya ɓatar da mutum, shi yana kwana a kan bakwai. Lokacin yaƙin da ya watsa gari, da kowa ya tsallaka kogi zuwa garin Kusiri a kwalekwale, Iya ta ce a ɗauki keken ɗinkinta, ya ce akwatin za a ɗauka. Har ta tsufa ba ta daina yi masa gorin keken nan ba. Shi kuwa imaninsa ɗaya: Maigida ya rubuta komai, to lallai ya rubuta ko wane ne tafintansa. Ranar da aka karanta, bakin kowa zai mutu.

A shekarun casa'in, da baki ya ɗan buɗe, jaridu suka fara fitowa, mu matasan taron zumunci muka kawo sabon abu. Taron namu na Lahadin farkon wata ne bayan la'asar, a tsakar gidan Shugaban taron: 'yan kasuwa, teloli, direbobi, da 'yan Nijar masu zuwa su koma. Da can zancen suna da biki da gaisuwar mutuwa kawai ake yi, a sha shayi a watse. Muka ce a riƙa yin lacca, kowane wata mutum ɗaya ya yi magana a kan wani abu. An yi ta zazzaɓin cizon sauro, an yi ta rabon gado, rabin mutane suna gyangyaɗi. Sai Kawu ya miƙe wata rana ya ce wata mai zuwa ɗan ƙanwarsa zai yi lacca a kan littattafan Depite. Ko shawarata bai nema ba. Baba mai goro ya ce, "Ashe akwai littattafai? To, Allah ya kai mu."

Ya kawo mini su da kansa har gida, a cikin buhun nan. Kwana goma ina karantawa bayan na taso daga makaranta. Gaskiya Depite ya iya rubutu, kuma ya iya raina mutane. Abokan siyasarsa, sarakuna, Turawa, babu wanda ya tsira. Ciwon ƙafarsa ya ci shafuka da yawa. Kawu kuwa, a kaye shida, sau uku kacal na gan shi, kuma ba da suna ba: tafinta ya makara, tafinta yana zazzaɓi, an saya wa tafinta takalmi. Na ce to, ba daɗi, amma ba mutuwa.

Sai shafin ƙarshe na kaye na bakwai, kwana uku kafin a kama shi. Layi uku ne. Depite ya rubuta cewa akwai mai fitar da maganar gidansa waje. Ya auna kowa, zuciyarsa ta tsaya a kan tafinta, domin mutumin da ke canza maganarka a gabanka ba za ka san abin da yake yi da ita a bayanka ba. Bayan Sallah zai sallame shi.

Na karanta ya fi sau goma, ko zai canza. Na yi tunanin yaga shafin. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Kullum Kawu sai ya biyo ta gidana ya tambaya, "Ɗan boko, ka kai wurina?" In ce, "Saura kaɗan, Kawu." Ya tafi yana murna, har sabuwar riga ya ba da ɗinki.

Ranar Lahadin tsakar gidan Shugaba ta cika maƙil. An aro benci daga makarantar allo, har da Larabawa biyu tsofaffin abokan Depite da aka gayyato. Kawu ya zauna a gaba cikin sabuwar rigarsa, Baba mai goro yana can gefe ya ɗora haɓa a kan sanda. Na fara. Na ba da labarin tafiye-tafiye, na karanta inda Depite ya yi wa wani gwamna Bature ba'a, aka yi dariya. Na yi ta ja, ina fata magariba ta cece ni. Ina! Shugaba ya duba agogo ya ce, "Malam, a je ga ƙarshe. Me ya rubuta kafin a tafi da shi?"

Na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kai, na gyara murya. Na ce Depite ya rubuta cewa yana jin ƙarshensa ya zo. In wani abu ya same shi, mutum ɗaya ya yarda da shi a gidansa, shi ne tafintansa, wanda ya bi shi cikin rana da ruwa, bai taɓa cin amanarsa ba ko da ƙwayar gero, kuma yana roƙon 'ya'yansa su riƙe shi kamar uba.

Aka ɗauki kabbara. Wani ya buga tafi. Shugaba ya juya yana kallon Baba mai goro. Ni kuwa gumi har cikin takalmi, amma na ce a raina shi ke nan, na fitar da Kawu.

Sai na ji muryarsa. "Ɗan boko."

"Na'am, Kawu."

"Layi nawa ne a takardar nan?"

Ya taso, ya leƙa, ya ƙirga da yatsa, shi da ba ya karatu. "Uku. Kai kuma ka yi mana kusan goma. Yatsanka yana wuri ɗaya, bakinka yana ta tafiya. Kuma ka gyara murya kafin ka fara. Ni za ka gyara wa murya? A wurin wa ka koya?" Wasu suka yi dariya, suna zaton wasa ne. Ya ce, "Maigida bai taɓa yabon mutum ya wuce numfashi ɗaya ba. Karanta da Faransanci yadda ya rubuta. Ni zan juya, aikina ne."

Na ce, "Kawu, don Allah a bari sai mun je gida."

Ya ce, "A gaban mutanen nan aka zarge ni, a gabansu za a karanta. Kalas."

Na karanta. Layi ɗaya in tsaya, kamar yadda ake yi wa tafinta. Ya tsaya a gefena, hannuwa a baya, irin tsayuwar da ya yi wa Depite shekara da shekaru. Layin farko ya juya shi tsaf: "Akwai mai fitar da maganar gidana waje." Na karanta na biyu. Bai gyara murya ba. Ya ce, "Na auna kowa, zuciyata ta tsaya a kan tafinta. Mutumin da ke canza maganarka a gabanka, ba za ka san abin da yake yi da ita a bayanka ba." Na uku: "Bayan Sallah zan sallame shi." Sannan ya juya wajen Larabawan nan biyu, ya maimaita musu duka da Larabci, don kada a bar baƙi a baya. Tun da nake da Kawu, ranar kaɗai na ji ya juya magana bai sa mata komai ba.

Kawu ya ce, "To, kun ji. Ya zarge ni. Ban yi ba, Allah ne shaidata, amma ya zarge ni. Tsoro ne ya kama shi, Allah ya jiƙansa." Ya koma ya zauna. Shugaba ya ce a yi fatiha. Baba mai goro ya miƙe da sandarsa ya fita tun kafin a shafa.

A hanya na so in tsayar mana da babur, ya ce da ƙafa zai je. Na bi shi ina huci, don haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, har da na mataccen da ya rubuta layi ukun. Na ce, "Haba Kawu! An riga an yi kabbara, an gama. Kai da ka ƙare rayuwarka kana sa sukari, sai yau ɗaya da aka sa maka?"

Yana tafe ya ce, "Ni maganar mai rai nake sa wa. Yana tsaye a gefena, in bai so ba ya tsawata mini, kuma ya sha tsawatawa. Wannan ya mutu, Ɗan boko. Ba shi da bakin da zai ce ba haka na faɗa ba." Can kuma ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da na bar wa Iya kekenta."

Ina so in ce daga ranar sunansa ya wanku, amma ba haka aka yi ba. Masu cewa ya yi suka ce ga shi har maigidansa ya gane shi. Masu cewa bai yi ba suka ce wane maci amana ne zai tsallaka kogi da shaidar da za ta kama shi, ya kuma juya ta da bakinsa? Kowa ya tsaya inda yake tun da. Abin da ya canza kawai, Baba mai goro ya daina kiransa mai kwana uku. In Kawu ya shigo sai ya matsa masa a benci, ya miƙa masa goro, ba magana. Kawu ya ce mini wannan ya fi yi masa ciwo. "Gara da yana tsokanata. Yanzu tausayina yake ji."

Littattafan ya aika wa 'yar Depite da su, duka bakwai, bai cire shafi ko ɗaya ba. Sadakar da yake yi wa Maigida kowace Juma'a bai fasa ba. Amma labaran suka ƙare. Motar da ta kafe, ƙauyen da aka yi musu tafi har aka manta da Depite, gwamnan da aka yi wa ba'a, ban sake jin ko ɗaya ba. In an kira shi rakiyar asibiti yana zuwa, in an kira shi sasanci sai ya ce a nemi yara, ya tsufa. Ya koma kusurwa da kofin shayinsa, sama da shekara goma. Ni kuma ban sake yin lacca ba, ko an roƙe ni.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je da safe, Iya ta gama ba shi kunu ta fita da kwano. Ya rame ƙwarai, muryar ma sai ka sunkuya. Ya ce in rufe ƙofa.

"Ɗan boko, wancan da ka fara karantawa a gidan Shugaba. Kana tune da shi?"

Na ce, "Kawu, ai ƙarya ce. Ni na shirya ta."

"Na sani mana. Ba ni na kama ka ba?" Ya ɗan yi numfashi. "Faɗa mini ita da Faransanci. Yadda da shi ne zai faɗa."

Na zauna a bakin gado, na faɗa, layi ɗaya in tsaya. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, yana juyawa zuwa Hausa a hankali: mutum ɗaya na yarda da shi a gidana, shi ne tafintana. Ya bi ni cikin rana da ruwa. Bai taɓa cin amanata ba. Da muka kai ƙarshe ya yi shiru, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Sake."

Allah ya jiƙanka, Kawu. Sau huɗu na faɗa maka a safiyar nan, kuma da ka nemi na biyar da na faɗa.